Ranar da Matan Pastapur Suka Karɓi Kyamara

Wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya ya san ƙauyensu wurin rawa ne da waƙa. Ko a finafinan gaskiya, da wuya a ji bakin macen da ke noma. Baƙo ne ke zuwa daga birni, ya ɗauki hotonta tana kuka, ya koma ya ba da labarinta da muryarsa.

A ƙauyen Pastapur, kusa da Zaheerabad a jihar Telangana ta yanzu, abin ya sauya. A 1983 aka kafa ƙungiyar Deccan Development Society, kuma cikin waɗanda suka kafa ta akwai P. V. Satheesh, tsohon ma'aikacin talbijin. Yawancin 'yan ƙungiyar matan Dalit ne, wato waɗanda tsarin rabe-raben asali na Indiya ya ajiye a ƙasan kowa. Suna noma gero da dawa da wake a busasshiyar ƙasa, suna taruwa a majalisun ƙauye da ake kira sangham. A ƙarshen shekarun 1990 wasunsu, duk da ba su yi boko ba, suka koyi riƙe kyamara, sai kuma a 2001 suka kafa sashen yaɗa labarai nasu.

Da kansu suka raɗa wa salon ɗauka suna. In kyamara ta leƙo mutum daga sama, wannan kallon mai gona ne. In ta dube shi daga ƙasa, kallon bawa ne. In ta tsaya daidai da idonsa, shi ne kallon sangham, kuma shi suka zaɓa.

Da aka amince da irin audugar Bt a Indiya a 2002, sun bi manoman Warangal tun daga shuka har girbi, suna naɗar alkawarin da aka yi musu da asarar da ta biyo baya. Fim ɗin ya zama shaida a muhawarar da ake yi kan wanda zai mallaki iri, kamfani ko manomi. A 2008 kuma suka buɗe gidan rediyon Sangham.

Kyamara ba ta ba su gonaki ba, ba ta kuma kawo ruwan sama ba. Amma duk wanda zai rubuta tarihin noma a wannan yanki, dole ya saurari abin da suka faɗa da bakinsu.