Daga karnukan Toronto zuwa gindin randar Goggo

Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Wani bidiyo ne ya jawo shirin yau. Abokina da ya karanta likitancin dabbobi a Zariya ne ya turo min. Wata Baturiya ce ta ɗora kyanwarta a cinya, ta ɗan tsira mata allura a gefen kunne, ta ɗauki ɗigon jini ta sa a na'ura, ta rubuta lambar a littafi, sannan ta tattaro fatar kyanwar ta yi mata allurar insulin. Safe da yamma, awa 12 tsakani. Ashe mage ma tana ciwon suga, musamman wadda ta yi ƙiba tana kwance a ɗaki, ko ɓera ba ta bi.

Ina gida Boko a lokacin, sai na nuna wa Goggona, wadda shekara shida ke nan tana yi wa kanta wannan allurar. Ta kalla har ƙarshe, ta ce, "Ɗan nan, ita wannan kyanwar kullum ake auna ta?" Na ce kullum, Goggo. Ta ce, "To ta fi ni gata." Muka yi dariya, amma tawa dariyar ba ta kai zuci ba. Shi ya sa na koma na bi tarihin wannan ruwan da ke cikin 'yar kwalba, kuma abin mamaki, dabbobi ne a cikinsa tun daga farko har ƙarshe.

Na'urar awon suga ta farko kiyashi ce. Likitocin Indiya na zamanin da sun lura cewa ƙwari na taruwa a fitsarin wasu marasa lafiya, har suka raɗa wa cutar suna fitsarin zuma. Tsofaffinmu ma haka suke ganewa har gobe, idan kiyashi ya yi dandazo a inda mutum ya kama ruwa. A Ingila, wani likita Thomas Willis ya rubuta a 1674 cewa fitsarin yana da zaƙi, kuma eh, ɗanɗanawa ake yi. Sai 1776 Matthew Dobson ya ƙafe fitsarin a wuta ya ga suga ya rage a ƙasan kwano. An san alama, ba a san tushe ba.

Kare ne ya tona asirin. A 1889, a birnin Strasbourg, Oskar Minkowski da Joseph von Mering suka cire wa wani kare wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas. Ba saifa ba ce fa, duk da za ka ji wasu na kiran ta haka. Cikin kwanaki kaɗan karen ya kama ƙishirwa da yawan fitsari, aka auna aka ga suga. Wato akwai wani abu da wannan gaɓar ke zubawa a jini wanda ke sa jiki ya ci moriyar suga. Shekara talatin ana neman yadda za a tace shi.

A wannan tsakanin, yaron da ya kamu da nau'in da ke kama yara, to an fara ƙirga masa kwana. Maganin da ya fi tashe shi ne na Dokta Frederick Allen a Amurka: horon yunwa. A rage maka abinci har ka zama ƙashi da rai, don ka ƙara 'yan watanni a duniya. Elizabeth Hughes, 'yar ministan harkokin wajen Amurka guda, tana 'yar shekara 14 amma nauyinta bai wuce kilo 20 ba. Kuɗin ubanta bai saya mata komai ba, don babu abin sayen.

A watan Mayun 1921 wani matashin likita, Frederick Banting, ɗan shekara 29, wato sa'ana, ya samu aron ɗakin gwaji a Jami'ar Toronto ta Kanada daga hannun Farfesa John Macleod, tare da ɗalibi ɗaya, Charles Best. Suna cire wa karnuka gaɓar, sannan su yi musu allurar ruwan da suka tatso daga ta wasu. Karnuka da yawa sun mutu a wannan aikin, wannan gaskiya ce da ba a cika faɗa ba. Wata karya da suka sa wa suna Marjorie ta rayu kwana 70 babu gaɓar, allura ce kawai ke riƙe da ita. Daga baya suka koma mayanka suna karɓo ta shanu, James Collip kuma ya shigo ya tace ruwan.

Ranar 11 ga Janairun 1922 aka yi wa mutum na farko, wani yaro mai suna Leonard Thompson. Ba a dace ba, wurin allurar ma ƙurji ya yi. Ranar 23 ga watan aka sake da wanda Collip ya tace, suga ya sauka, yaro ya farfaɗo. Ita ma Elizabeth an kai ta Toronto a watan Agusta, ta rayu har 1981, da 'ya'yanta.

Ga wurin da ya fi tsaya min a rai. A 1923, Banting da Best da Collip suka miƙa wa jami'ar haƙƙin mallakar maganin a kan dala ɗaiɗai. Dala ɗaya kowannensu! Don kada wani ya riƙe shi ya tsawwala wa marasa lafiya. Yau, shekara ɗari da ɗoriya, kamfanoni uku ne, Novo Nordisk da Eli Lilly da Sanofi, ke riƙe da sama da kashi 90 cikin ɗari na kasuwarsa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu nau'i na biyu da ke buƙatarsa ba sa samu. Mu nan daga waje ake shigo mana da shi, don haka tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, duk tashin da dala ta yi sai ya sauka a kan kwalbar Goggo.

Akwai masu gudun allurar wai daga alade ake yin ta. Da can gaskiya ne, kusan shekara sittin daga shanu da aladu ake tatsa. Amma tun 1982 aka fara sayar da wanda ake sa ƙwayoyin halitta su sarrafa a masana'anta, irin na jikin mutum, kuma kusan duk wanda za ka samu a kemis yau irinsa ne. Har ta kai likitocin dabbobi na rubuta wa kyanwa irin wanda aka ƙirƙira don mutane. Kun ga bashin da muka ci na karnuka, mage muke biya.

To mu dawo gida. Kwalbar da ba a buɗe ba ana so ta zauna a sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma kada ta daskare. A watan Afrilu zafin ƙasar Katsina kan haura 40. Wutar lantarki kuwa, ba sai na faɗa muku ba. Goggo tana ƙulle tata a leda, ta sa a ƙaramin gwangwani, ta binne a jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Da na fara gani, da digirina da komai, raina abin na yi. Ashe ni ne ban sani ba. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu, idan iska ta kwashe shi, da zafi yake tafiya. Wannan dabarar ce Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya gyara, tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya ci kyautar Rolex a shekarar 2000. Kuma a 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Geneva suka fitar da bincike kan yanayin sansanin 'yan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, suka gano kwalbar da aka buɗe tana riƙe ƙarfinta har sati huɗu a zafin da ke hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Ba wai a bar ta a rana ko a aljihun babur ba ne, a'a. Amma rashin firji shi kaɗai bai isa a ce wa mutumin ƙauye ba zai iya allura a gida ba.

Inda randa ba ta da magani shi ne awo. Na'urar karanta suga daga ɗigon jini ta fito ne a 1970, ta shiga gidajen mutane a shekarun 1980. Mun haɗa kuɗi mun saya wa Goggo tata. Sai dai 'yan tsinkayen da ake sa wa jinin sau ɗaya ake amfani da kowanne, kuma idan sun ƙare sai an hau mashin zuwa Kusada ko Kankiya, wani lokacin ma a tarar babu irin na na'urarta. Mai allura ba awo kamar mai tuƙi ne da dare ba fitila. Wata rana da hantsi aka same ta tana gumi tana karkarwa, ta yi allura ba ta karya ba, suga ya faɗi. Allah ya taimaka tana iya haɗiya, aka jiƙa sukari aka ba ta.

Yanzu sau biyu take aunawa a sati, Litinin da Juma'a, jikarta na rubuta lambar a tsohon littafin makaranta. Da zan taho na ƙirga tsinkayen da suka rage a robar, guda tara ne.