Dareta da gubar dalma: Yadda neman zinari ya kai annoba cikin gidajen Zamfara

Dareta ƙauye ne na manoma a Ƙaramar Hukumar Anka da ke yammacin Jihar Zamfara. Duniya ta san sunansa a shekarar 2010, lokacin da aka gano cewa gubar dalma ce ke kashe ƙananan yara a can da wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Yaran da suka rasu sun haura 400.

Yadda gubar ta shiga gidaje

Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na 2008, farashin zinari ya zarce Dala 1,000 kan kowane oza, sai manoma da dama suka koma haƙarsa. Duwatsun da suke haƙowa cike suke da dalma. Ana kawo su gida a farfasa, a niƙa da injin niƙan hatsi, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta bi ƙasa da abinci, yara masu rarrafe suna kai ta baki. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, idan ta yi yawa ta jawo jijjiga da mutuwa.

Girman ɓarnar

Ƙungiyar likitoci ta MSF ce ta fara lura da yawan mace-macen a watan Maris na 2010. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta shiga a Dareta da 'Yargalma ya nuna cewa yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu a shekara guda. Kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka gwada jininsu suna buƙatar maganin fitar da gubar.

Matsayar al'umma

A wasu ƙasashe, jama'a kamfani suke tunkara. A Ostireliya, manoma sun kafa ƙungiyar Lock the Gate a 2010 domin hana haƙar iskar gas daga cikin kwal a gonakinsu, bisa fargabar gurɓacewar ruwan ƙasa. Zaman dirshan da suka yi a Bentley a 2014 ya ƙare da dakatar da lasisin kamfanin Metgasco.

Lamarin Dareta ya sha bamban, domin masu haƙar su ne iyayen yaran da ke mutuwa, kuma zinarin ya fi noma kawo kuɗi. Don haka ba a nemi rufe ramuka ba. Buƙatun sun tsaya kan abu uku: a fitar da niƙan dutse daga gari, a kwashe gurɓatacciyar ƙasa, a yi wa yara magani. Sarakuna da masu unguwanni sun sa baki aka mayar da injinan bayan gari. Mazauna ƙauyukan da kansu, ƙarƙashin jagorancin kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith, suka kankare saman ƙasar gidaje, aka binne ta a ramuka na musamman, aka zuba sabuwa. Dole wannan aiki ya riga magani, domin yaron da ya koma gurɓataccen gida gubar za ta sake shigarsa.

Jinkirin Bagega

An share Dareta da ƙauyuka shida tsakanin 2010 da 2011, amma Bagega, wadda ta fi su girma, ta ci gaba da jira. A 2012 ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan lamarin, matasan Follow The Money kuma suka ƙaddamar da gangamin #SaveBagega. A watan Janairun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin aikin, aka share garin a shekarar.

Inda aka kwana

A 2015 irin wannan annoba ta kashe yara 28 a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja. Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, amma saboda 'yan bindiga, ba domin gubar ba, sannan ta ɗage haramcin a Disambar 2024. MSF ta miƙa aikinta ga hukumomin jihar a 2022. Dalmar tana nan cikin duwatsun, kuma lafiyar yaran Dareta ta dogara ne kan a ci gaba da niƙan nesa da gidaje.