Daga Sifawa zuwa Kware: wa ke zama da mai ciwon?

A yawancin labaranmu, mai taɓin hankali iri biyu ne: ko mugu da asirinsa ya koma kansa ya shiga bola, ko wanda muka saka don a yi dariya. Wanda ke jinyarsa kuwa ba ma ko ba shi suna. Tarihin ƙasarmu ya fi haka faɗi.

Mu fara daga gida. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna a Sifawa, ƙanensa Abdullahi kuma a Bodinga, kafin Shehu ya koma Sakkwato a 1815. Muna yawan ba da labarin nasarar, amma yaƙi ya bar mata da mazajensu suka mutu, da marayu, da kamammu da aka raba da garuruwansu. Da yawa cikin matan nan bori suka sani: idan zuciya ta rikice, a yi girka, a kewaye mace da kiɗa da jama'a. Malaman jihadi sun hana bori, sai dai hani kaɗai ba ya kwantar da zuciyar da ta firgita.

A nan ne Nana Asma'u, 'yar Shehu, ta nuna hangen nesa. A 1839 ta rubuta Tabshirul Ikhwan, kan neman waraka da surorin Alƙur'ani, har da na damuwa da tsoro. Ta kuma kafa 'Yan Taru: jaji, da malfarta a ka, ta jagoranci matan ƙauye zuwa wurinta, su koyi karatu, su koma su karantar, su duba marasa lafiya. Ba asibiti ba ne, kar mu ƙara wa tarihi gishiri. Amma macen da ta bar bori ba a bar ta ita kaɗai ba.

Turawan mulki da tsarewa suka zo. Dokar mahaukata ta 1916, wadda aka sabunta a 1958, ta fi damuwa da kulle mutum fiye da warkar da shi. Dokta Thomas Adeoye Lambo ne ya juya lissafin a Aro, kusa da Abeokuta, a 1954: maras lafiya ya sauka a gidajen ƙauye tare da ɗan'uwansa, yana zuwa asibiti karɓar magani. Duk da haka sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Namu laifin ma kada mu ɓoye shi. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Rigasa da Daura, wasu da sarƙa a ƙafa. Yawancinsu iyaye da dangi ne suka kai su, galibi don gajiya da rashin sanin wata mafita.

Yau mutumin Shagari da ɗansa ya rikice sai ya ratsa Bodinga, ya wuce Sakkwato, kafin ya isa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Likita zai rubuta magani, amma akwai wanda ya biya kuɗin mota, da uwar da ke ƙirga ƙwayoyin kowane dare, da maƙwabcin da ya tsawata wa yara masu jifa, da abokin da ya matsa masa wuri a majalisa bayan an sallamo shi. Cikin labaran da muka rubuta bana, nawa ne suka sa ɗaya daga cikin mutanen nan a babin farko?