YAƘIN KAWSAN: KWANA 80 DA AKA RUFE AGADAS



Mu mutanen Kanambakashe ba mu da teku. Amma kakanninmu suna da tasharsu, ita ce Agadas. Rairayi shi ne tekunta, raƙuma su ne jiragenta. Ta can ayarin Bilma ke sauko da kantu da dabino, ya koma da gero da tufafi na ƙasar Hausa. Wannan tasha an taɓa rufe ta kwana 80, kuma ya kamata yaranmu su san labarin.

A lokacin babban yaƙin Turawa na fari, Kawsan, wani jarumin Abzinawa na Ikazkazan, ya taso daga Fezan ta ƙasar Libiya da goyon bayan Sanusiyya. Ya zo da bindigogi da igwa wadda aka ƙwace daga Italiyawa. Ran 13 ga Disamba 1916 ya shiga Agadas, Sarkin Abzin Tagama ya karɓe shi hannu biyu. Sojan Faransa 'yan ƙalilan suka kulle kansu cikin bariki. Ƙarshen watan nan wata ƙungiyar soja da ta rako ayarin gishiri daga Bilma ta faɗa hannun mayaƙan Kawsan kusa da garin, aka kusa gamawa da ita.

To, ta ina gudummawa za ta fito? A lokacin Damagaram ce babban birnin mulkin Nasara a ƙasarmu, sojan da ke cikinta kuwa ba su isa ba. Sai aka ɗauko soja daga Dakar cikin jirgin ruwa zuwa Ikko, suka hau jirgin ƙasa zuwa Kano, inda dogo ya iso tun 1911, daga nan suka yo arewa. Ingilishi na Nijeriya su ma suka turo nasu soja suka tsallako iyaka, don tsoron kada wutar ta ci gemunsu. Kanal Muran ya tashi daga Damagaram cikin watan Fabrairu, ya keta Damargu, ya shiga Agadas ran 3 ga Maris 1917.

Amma mu tambayi kanmu: wa ya ɗauki kayan wannan runduna? Soja ba ya tafiyar kilomita fiye da 400 da ciki wofi. Raƙuma, da gero, da 'yan alaro, duk daga wuyan talakawan kudu aka fitar da su, bayan lanho da aikin dole. Ga shi kuwa ba a daɗe da fita yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ba.

Sa'an nan, wa aka ceta? Bariki aka ceta, garin kam ya sha wuya. Nasara suka karkashe mutane da dama, har da malaman da suka fake a masallaci. Aka kwashe dabbobi, aka watsa jama'ar Abzin, da yawa suka gangaro kudu, fataucin gishiri ya raunana shekara da shekaru. An kashe Kawsan a Murzuk cikin 1919, Tagama ya cika a kurkukun Agadas cikin 1920.

Duniya ta san Tubruk ta Libiya, wadda aka kewaye a 1941 ana kai mata abinci ta teku da dare. An rubuta littattafai a kanta. Masu ɗaukar kayan Agadas kuwa, ba wanda ya rubuta sunansu. In mu ba mu tuna da su ba, wa zai tuna?

Saboda haka muna roƙon dattawa, duk wanda ya ji wani abu daga bakin kakanninsa game da shekarar Kawsan, ya faɗa wa magatakardan ƙungiya a rubuta. Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu zaman lafiya. Amin.