Liyari Mai Shekarar 1780: Matsalar Tantance Tsohon Kuɗin Azurfa a Yankin Potiskum

1.0 Gabatarwa

Garin Potiskum yana kan hanyar da ta haɗa Kano da Borno, kuma tun shekarar 1924 nan ne mazaunin Sarkin Fika. A ƙarni na 19 fataken wannan shiyya sun yi ciniki da wuri da kuma wani kuɗin azurfa na ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa shekarar da ke jikin kuɗin ba ta isa hujjar tarihi ba, sai an dubi hatimin da aka buga shi da shi.

2.0 Sunayen Kuɗin

Hausawa suna kiransa liyari, daga riyal na Larabci, wanda asalinsa real ne na Sifaniyanci. Barebari kuwa suna cewa gursu, kalmar da ita ma ta biyo ta Larabci. Wannan ya nuna cewa ta hannun Larabawan Sahara kuɗin ya iso. Heinrich Barth ya tarar ana canza guda ɗaya a kan wuri 2,500 a Kano a shekarar 1851.

3.0 Bambancin Hatimi

Mariya Tereza ta rasu a 1780, amma aka ci gaba da buga kuɗin da wannan shekara ba tare da canji ba, saboda 'yan kasuwa ba sa karɓar wanda ya saɓa wa abin da suka saba gani. Nauyinsa giram 28 ne, kuma kashi 833 cikin 1,000 azurfa ce. Bayan Biyana an buga shi a Milan da Banis, sannan daga 1935 zuwa gaba a Rum da Landan da Faris da Bombay. Kowane gidan bugu ya bar alamarsa.

Masu tara tsofaffin kuɗi sukan duba abubuwa uku. Na farko, rubutun bayan kuɗin: tsofaffin bugu suna ɗauke da AUST, na baya kuwa AVST. Na biyu, gashin tsakiyar wutsiyar gaggafa mai kai biyu: bugun Biyana na zamani yana da uku, na Landan biyu. Na uku, yawan ƙwayoyin lu'ulu'u da ke kan kambin sarauniya da maɗaurin mayafinta. Haruffan S.F. da ke ƙarƙashin hoton na jami'an gidan bugu na Gunzburg ne, sai dai an kwafe su a ko'ina, don haka ba su tabbatar da wurin bugu.

Fataken da ma sukan duba ƙwayoyin maɗaurin, amma don gane wanda ya goge ya rage nauyi.

4.0 Kammalawa

Liyarin da aka gada a wani gida a Potiskum zai iya kasancewa na zamanin Shehu Umar na Borno, zai kuma iya kasancewa bugun Landan na bayan 1936 da wani alhaji ya zo da shi daga Hijaz. Wanda ya dogara da 1780 kaɗai zai mayar da tarihin gidan baya da shekara 150 bisa kuskure. Da kuɗin Turawan mulki ya kafu bayan 1912, maƙeran fari sun narkar da liyari mai yawa sun yi mundaye da zobba. Saboda haka ya kamata a auna waɗanda suka rage, a ɗauki hotonsu, a kuma rubuta sunan da masu su ke kiransu da shi kafin su kai ga maƙera.