DAGA DANDAMALI ZUWA KASET: TARIHIN WASAN KWAIKWAYON ƊALIBAI DA ABIN DA YA RAGE MANA

Gabatarwa

  

Musabbabin wannan rubutu shi ne wani tsohon kaset na bidiyo da na tsinta a ƙasan akwatin mahaifiyata lokacin da na je gida hutun Sallah. A jikinsa an rubuta da biro cewa wasan 'yan aji biyar ne. Nan take na gane shi, domin kuwa ni ne na riƙe littafin tuni a bayan labule a daren da aka ɗauke shi. Da na kai wa mai gyara, sai ya ɗaga shi a haske ya nuna mini farar fumfuna da ta bi zaren, ya ce abin da za a iya cetowa bai kai rabi ba. A cikin ɗan abin da ya tsira ne na sake jin muryar abokinmu da ya fito a alƙali, wanda Allah ya yi wa rasuwa. Allah ya jiƙansa da rahama, amin. Wannan ne ya sa na ga ya kamata mu waiwayi inda aka faro wasan kwaikwayo a makarantu, da yadda aka fara ɗaukarsa a hoto, da kuma yadda muke kammala shi, domin a wajen kammalawar ne muka yi sakaci.

Tushen Abin

Ba Bature ne ya koya wa Bahaushe kwaikwayo ba. Tun kafin zuwan boko akwai tashe, wanda yara da samari suke farawa daga goma ga watan azumi. Akwai wasan gauta da matan fada suke yi suna kwaikwayon sarki da fadawansa, akwai kalankuwa ta bayan kaka, ga kuma 'yan kama da suke kwaikwayon malamai don ban dariya. Abin da boko ta ƙara shi ne rubutaccen wasa, da dandamali, da labule, da 'yan kallo zaune a kan benci.

A cikin shekarun 1930 ne Dokta R. M. East, shugaban Hukumar Talifi da ke Zariya, ya fitar da littafin Six Hausa Plays domin amfanin 'yan makaranta. Ke nan tun farko a aji aka haifi rubutaccen wasan Hausa. Marigayi Malam Aminu Kano ya shahara da shirya wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, wato Barewa ta yau, kuma ya ci gaba da haka da ya zama malami a Midil ta Bauci, inda ya riƙa amfani da su wajen nuna zalunci da jahilci. A shekarar 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau. Daga baya Shu'aibu Maƙarfi ya fitar da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. Sai kuma Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina a 1979, wanda ya yi gargaɗi a kan masu kuɗin da ke lalata rayuwar 'yan mata 'yan makaranta. Da yawa daga cikinmu mun karanta waɗannan littattafai don jarrabawa, wasunmu kuma sun hau dandamali da su.

Amma fa duk wasannin da ɗaliban wancan zamani suka yi, da zarar an ja labule shi ke nan, sai dai labari a bakin waɗanda suka gani. Na'urar ɗaukar hoto mai motsi a lokacin ta hukuma ce. Ita ce take yin majigi, irin su Baban Larai, a zagaya da shi gari-gari a mota ana koyar da noma da tsafta.

Zuwan Talabijin Da Bidiyo

Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, aka kuma kafa Hukumar Talabijin ta Ƙasa, NTA, a 1977. Jihar Kano ta buɗe nata gidan, CTV, a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. Ta waɗannan kafofi ne jama'a suka san marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, da marigayi Usman Baba Pategi, wato Samanja Mazan Fama, wanda ya rasu a 2023. Babu wata makarantar kwana a Arewa da ba ta yi nata Samanjan ba. Ko a namu zamanin akwai wanda yake gurɓata Hausa irin ta barikin soja, ɗakin cin abinci ya ɗauka da dariya.

Babban sauyi ya zo ne da kaset ɗin VHS, wanda kamfanin JVC na ƙasar Japan ya fitar a 1976. Sannu a hankali kyamarar bidiyo ta fita daga hannun hukuma ta shiga hannun masu ɗaukar biki da suna. A shekarar 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa da ke Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin fim ɗin Hausa na farko na bidiyo da aka kai kasuwa, ta kuma biyo shi da Gimbiya Fatima. Zuwa 1999, shekarar da aka fitar da Sangaya aka kuma fara buga mujallar Fim, sana'ar ta riga ta kafu. Abin lura a nan shi ne, ƙungiyoyin wasan dandamali ne suka haifi wannan masana'anta. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da ɗalibai su ma suka fara cewa a ɗauki nasu wasan.

Yadda Muke Kammala Wasa

Yayyenmu na shekarun 1990 su ne suka fara ɗauko mai bidiyo daga cikin gari ranar ba da kyaututtuka, mu kuma muna cikin na ƙarshe da aka ɗauka a kaset kafin faifan CD ya kore shi. Bari in tuna mana yadda abin yake, don ƙannenmu da suka taso da wayar hannu su ji.

Ana shafe makonni ana gwaji bayan karatun dare. Dandamali dai teburan cin abinci ne da aka haɗa, labule kuma zannuwan gado ne da aka ɗinke. Tun da makarantarmu ta maza ce, duk wanda muryarsa ba ta fashe ba shi ne amarya, a aro masa zane da gyale daga gidajen malamai. Kuɗin mai bidiyo kuwa karo-karo ne daga kuɗin kashewarmu, malamin Hausa ya cika sauran daga aljihunsa. Allah ya saka masa da alheri.

Kyamara ɗaya ce tak, a kan kafaɗa ko a kan ƙafafunta uku a tsakiyar zaure. Makirufonta a jikinta yake, don haka tana kama tarin 'yan kallo da ƙarar janareto fiye da maganar 'yan wasa. Idan aka ɗauke wuta a tsakiyar fitowa, sai a jira a tayar da inji a maimaita daga inda aka tsaya. Kaset mai lamba E-180 awa uku yake ɗauka, kuma sau da yawa jawabin manyan baƙi ya riga ya cinye fiye da rabinsa kafin a zo kanmu.

Bayan an watse ne aikin kammalawa yake farawa, kuma kashi uku ne. Na farko shi ne na zaure: a kwance labule, a mayar da tebura kafin karin kumallo, a wanke kayan aro a mayar wa masu su. Na biyu shi ne tace hoto. A wancan lokaci ana haɗa akwatin bidiyo biyu ne da waya, ɗaya yana nunawa ɗaya yana naɗa, mai aikin yana danna tsayawa a duk inda ake so a yanke. Ba a iya cusa wani abu a tsakiya sai an sake naɗar duk abin da ya biyo baya. Bugu da ƙari, duk kwafin da aka yi daga wani kwafi sai hoto ya ƙara dushewa, shi ya sa wanda ya zo hannun yawancinmu fuskoki suke kamar an shafa musu toka. Na uku shi ne jerin sunaye. Mu a kan kwali muka rubuta namu da tawada, aka jingina shi a bango aka ɗauka.

To, a nan ne gizo yake saƙa. Kwalin namu sunayen waɗanda suka hau dandamali kawai ya ɗauka. Wanda ya ɗinka labule, da wanda ya kwana gadin janareto, da matar malam da ta ba da aron zanenta na biki, duk babu su. Ba a rubuta shekara ba, ba a rubuta sunan wanda ya tsara wasan ba. Sannan uwa-uba, ba mu karɓi uwar kaset daga hannun mai bidiyo ba. Da na bincika daga baya, sai aka ce mini a bisa al'adar sana'ar a lokacin, idan ba a biya kuɗin uwar kaset ba, biki na gaba ake naɗa a kanta. Ba laifinsa ba ne shi kaɗai, mu ne ba mu san darajar abin da muka yi ba. Mun ɗauka idan an tafa an tashi, aiki ya ƙare.

Zuwan faifan CD bai magance matsalar ba. Faifai ɗaya ba ya ɗaukar fiye da minti 80 na hoto, sai a raba wasa gida biyu, na biyun ya ɓace, na farkon ya karce. Yau kuma kowa yana ɗauka da waya, amma idan wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta, tarihin aji guda ya tafi.

Darasi Daga Fim Ɗin Shaihu Umar

Kada mu ce mu kaɗai wannan ya sama. A shekarar 1976 marigayi Adamu Halilu ya shirya fim ɗin Shaihu Umar daga littafin marigayi Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Duk da girman wannan aiki, an yi shekaru masu yawa ana zaton ya ɓata. Sai a 2016 aka gano zarensa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, aka gyara shi tare da taimakon wata cibiya ta birnin Balin a ƙasar Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na birnin a 2018. Abin da ya cece shi shi ne an ajiye uwar zaren, ko da kuwa an manta da ita. Idan fim ɗin littafin Firayim Minista ya kusa salwanta, ina ga wasan 'yan aji biyar?

Har ila yau, lokaci ba ya jiranmu. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da yake ƙera akwatin bidiyo na kaset, ya daina a 2016. Injinan da suka rage tsofaffi ne, masu gyaransu kuma suna ƙaranci. Shi kansa zaren kaset, zafin bazara da laimar damina da ƙurar hunturu duk abokan gabansa ne.

Kammalawa

Masu iya magana suna cewa, da tsohuwar zuma ake magani. Don haka nake gabatar wa uwar ƙungiya da waɗannan shawarwari:

1. Duk wanda yake da kaset ko faifai ko hoton wani wasa na makarantarmu, ya duba akwatunan gida ya miƙa wa sakataren ƙungiya, a rubuta sunansa, a mayar masa bayan an kwafa.

2. Kaset ɗin da ya yi fumfuna kada a saka shi a inji, domin zai ɓata kan injin ya kuma iya tsinkewa. A kai wa wanda ya san aikin ya share shi tukuna.

3. A juye komai a kwamfuta, a ajiye a wuri biyu daban-daban, ɗaya a ɗakin karatu na makaranta, ɗaya a hannun ƙungiya.

4. A taronmu na shekara a zauna a kalla tare da malamanmu, a tsayar da hoto a faɗi sunan kowa, har da na bayan labule, a rubuta. Wannan shi ne jerin sunayen da muka kasa kammalawa.

5. Kada a saka komai a Facebook ko WhatsApp sai da izinin waɗanda suke ciki. Amaryar wasanmu a yau limami ne mai gemu da almajirai, kuma haƙƙinsa ne a tambaye shi. Iyalan waɗanda suka rasu kuma su ne suka fi cancanta a fara kai wa kwafi.

6. A roƙi hukumar makaranta ta sa wa ƙannenmu doka cewa ba a gama wasa ba sai an miƙa wa ɗakin karatu rubutaccen wasan, da hotonsa, da cikakken jerin sunaye da kwanan wata.

Ni dai na riga na kai wa mahaifiyar marigayi abokinmu ɗan abin da aka ceto. Ta sa an maimaita mata wurin da yake yanke hukunci har sau uku, sannan ta ce jikokinta ba su taɓa jin muryar ubansu ba sai ran nan. Ina roƙon duk wanda yake da cikakken kwafin wannan wasa, don Allah ya taimaka ya fito da shi.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai, ya ƙara wa makarantarmu albarka, ya bar zumunci. Wassalamu alaikum.