Peugeot 504 Coupé: ƴar'uwar Fijon tasha da ta ci tseren Safari

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Maraɗi zuwa Kano ya san Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Kaɗan ne suka san tana da ƴar'uwa mai ƙofa biyu, 504 Coupé, wadda masu tara tsofaffin motoci a Turai ke nema ruwa a jallo.

An fito da 504 a 1968, Coupé kuma ta biyo baya a baje kolin motoci na Geneva a 1969. Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana bodinta, ya kuma ƙera shi. An rage tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya da santimita 19, shi ya sa ta fi ta gida gajarta. A 1974 aka saka mata inji mai silinda shida, V6.

Da irin wannan injin direban Faransa Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya a 1978, cikin laka da ƙura, ya kuma ɗauki na Bandama a Kwaddibuwa a shekarar. Bidiyon waɗannan tsere na nan a YouTube, kuma sun cancanci kallo.

An daina ƙera Coupé a 1983. Masana'antar Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ba ta taɓa harhaɗa ta ba. Don haka wanda ya samu tsohuwa ya fara duba tsatsa kafin inji: bakanike zai iya tayar da mai silinda huɗu da wasu kayan Fijon gida, amma ƙofa da gilashi ba sa shiga.